Besbol a Amurka: ta ina baƙo zai shiga aikin koci?

Duk ɗan'uwan da ya sauka Amurka da yara, ko ba jima ko ba daɗe wani zai dawo daga makaranta da takardar rajistar besbol, wasan da ake jefa ƙaramar ƙwallo a doke ta da sanda. Ni a shekarata ta biyu a Hustan abin ya same ni. Na kai yaron fili da niyyar in jira a mota, sai kocinsu, wani dattijo mai gyaran famfo, ya miƙo mini bokiti ya ce in tsaya can baya ina tsinto ƙwallayen da suka wuce. Daga tsintar ƙwallo aka ba ni littafin rubuta maki, shekara na zagayowa aka damƙa mini yara goma sha biyu. Shi ya sa duk sabon zuwan da ya tambaye ni yadda ake zama koci a jami'a, nakan ce ya fara neman bokitin tukuna.

Gaskiya wasan ba namu ba ne, mu ƙwallon ƙafa muka tashi da ita. Amma kada wannan ya karya maka gwiwa. A 2012 yaran Lugazi ta Uganda sun buga gasar duniya ta Little League, ƙungiyar besbol ta yara, kuma a 2017 Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu ya buga wasa a MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka, tare da kulob ɗin Pittsburgh Pirates.

Ƙofar farko ita ce Little League ɗin unguwarku. Tun 1939 aka kafa ta a garin Williamsport na jihar Pensilbaniya, kuma kusan duk masu horar da yaranta iyaye ne 'yan sa-kai, ba a biyansu ko sisi. Kullum suna neman hannu. Za su nemi katin shaidarka, su bincika ko an taɓa kama ka da laifi, sannan ka yi ɗan kwas a intanet kan kare yara daga cin zarafi. Kada ka ji haushi, kowa haka ake yi masa. Abu biyu kuma ka riƙe: ba a keɓewa da ɗan wani, ko da rage masa hanya ne a mota, sannan rankwashi da tsawar da muka saba da su a gida ka bar su a filin jirgi. Rankwashi ɗaya ya isa ya raba ka da filin har abada.

Babban abin da zai sa iyaye su yarda da kai shi ne kula da hannun yaro mai jifa. Jifan besbol yana cin gwiwar hannu da kafaɗa, shi ya sa ake ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Ɗan shekara 9 zuwa 10 ba ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 kuma 85, wanda ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu. Akwai ranar da muke gaba da maki ɗaya, yaron da ke mana jifa ya cika ƙa'idarsa, ubansa ya manne da wayar shinge yana roƙona in bar shi ya ƙarasa. Na karɓi ƙwallon daga hannunsa. An ci mu, uban ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwata. Amma je ka tambayi masu jifa a jami'a nawa ne aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwar hannu, wadda ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da aka fara yi wa ita a 1974. Da yawansu tun suna ƙanana aka ƙure hannun.

Yaro na fara nuna gwaninta za a zo maka da maganar kulob ɗin da ke yawon gasa jiha-jiha. Dubban daloli ne a shekara, ban da otal da mai. Kada ka ci bashi a kansa. MLB na da shirin RBI tun 1989 domin yaran unguwannin marasa ƙarfi, da cibiyoyin horo irin ta Compton da ta nan Hustan. Can ma wuri ne mai kyau na koyon aikin koci a hannun waɗanda suka san shi.

To, sai jami'a. Akwai NCAA, hukumar wasannin jami'o'i mai rukuni uku, akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, ga kuma kwalejojin shekara biyu. Kowa burinsa Omaha ta jihar Nebraska, inda ake gasar ƙarshe duk watan Yuni tun 1950, sai dai kujerun koci kaɗan ne. A rukuni na ɗaya, kafin Yulin 2023, mataimaka biyu kawai makaranta ke iya biya albashi, na ukun ɗan sa-kai ne da ke rayuwa da kuɗin sansanin horar da yara a lokacin hutu. Yanzu an yarda a biya shi. Yawancin masu waɗannan kujeru sun buga wasan a jami'a, don haka mu da ba mu buga ba ta gefe muke shiga: ta sakandare, inda kocin galibi malamin aji ne da ake ba shi ɗan alawus, ko ta ƙananan kwalejoji, ko ta ɓangaren motsa jiki da nazarin bidiyo da alƙaluma. Ɗalibin da ya iya kwamfuta da lissafi yana da abin sayarwa a nan. Ƙungiyar kociyoyi ta ABCA kuma na babban taro duk Janairu, can ake sanin juna, can ake jin inda gurbi ya buɗe.

Mai bizar karatu ta F-1 ya yi hattara. Awa 20 a mako aka yarda ka yi aiki lokacin karatu, kuma a cikin makaranta. Karɓar kuɗin koyar da yaron maƙwabci jifa a waje zai iya ja maka asarar bizar, don haka ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ka karɓi ko dala ɗaya.

Kakar jami'a a tsakiyar Fabrairu take farawa, manyan wasanninta kuma Juma'a, Asabar da Lahadi ne. Ka yi wa babban koci maganar sallar Juma'a da azumi tun ranar da aka ɗauke ka, ba sai an shiga motar tafiya ba. Naman da ake sayarwa a rumfar bakin fili ma ka riƙa tambaya, sau da yawa da alade a ciki. Ni dai dabino nake cika aljihu da shi, har yaran sun koyi miƙo hannu.