Yadda Nake Ajiye Kyandir a Shagon Wani a Sayar Mini

Shagon farko da na kai kyandirina a Unguwar Rimi yake, na wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra da kayan kwalliyar ɗaki. Guda goma sha biyu na kai a kwali. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ce, "'Yar nan, da hannunki kika yi wannan?" Na ce e, Hajiya. Ta ce ita dai ba ta sarin kayan da ba ta san kasuwarsu ba, amma in bari, abin da aka saya ta cire la'adarta ta ba ni sauran. Murna ta hana ni tunani. Na yi godiya na hau keke na dawo gida, ko takarda ba mu rubuta ba.

Watan Afrilu ne, lokacin da Kaduna ke tafasa. Da na koma bayan mako uku, sai na tarar yaron shagon ya jera su a jikin gilashin gaba, inda ranar yamma ke dukansu kai tsaye. An sayar da huɗu. Biyar sun yi gumi, turaren ya taso sama kamar mai, lagwanin ya karkace, launin ya koɗe. Hajiya ta ce, "Ayya, sai haƙuri, tsautsayi ne." Ban ce komai ba, don ban taɓa faɗa mata kada a sa su a rana ba. Tun daga nan na san cewa kayan da kika ajiye a shagon wani naki ne har ranar da aka saye su, asararsu ma taki ce, sai fa abin da kuka rubuta.

Fara da zaɓen shago. Kada ki kai kyandir mai ƙamshi shagon tireda. Mai shiga can farin kyandir na ɗauke wuta ya sani, idan ya ji farashin naki sai ya yi dariya. Ki nemi inda mata ke shiga da niyyar kashe kuɗi a kan ƙamshi ko kyauta: masu turare, masu kayan lefe, masu kayan kicin na amare, shagon gyaran gashi mai tsabta. Ni na fi samun ciniki a Malali da Unguwar Rimi, sai Barnawa idan Disamba ta kama ana neman kyautar Kirsimeti. Na gwada wata rumfa a Kasuwar Sheikh Gumi, ban ji daɗi ba. Akwai jama'a, amma ƙura da cunkoso da taya kaya sun fi ƙarfin kofin gilashin da kyandir ke ciki. Kafin ki yi magana da mai shago, ki shiga a matsayin mai saye sau ɗaya ko biyu, ki ga ko ana goge kanta, ko akwai fanka, da yadda yaran shagon ke karɓar mutane. Su ne za su sayar miki, Alhaji ko Hajiya wataƙila sai bayan la'asar suke leƙowa.

Ranar da za ki je, kada ki kwashi kaya da yawa. Shida zuwa goma sun isa, ƙamshi iri biyu ko uku. Ki ƙara ɗaya buɗaɗɗe na shinshinawa wanda ba na sayarwa ba, in ba haka ba kowa zai ɓalle murfin sabo ya dangwala yatsa. Mutanenmu ba sa sayen ƙamshi da ido.

Sai lissafi, inda da yawa ke faɗuwa. Ki haɗa komai: kaki, lagwani, turare, kofi, takardar da kike liƙawa, kwali, gas ɗin da kika narkar da kakin, da kuɗin keke zuwa da dawowa, tun da ba sau ɗaya za ki je ba. A ce duka ya kama naira 2,500 a kan guda. Idan aka sa shi 5,000 kuma la'adar shago kashi 30 cikin ɗari ce, an cire 1,500, kin tashi da 3,500, ribarki 1,000. Idan mai shago ya ce sai kashi 40, ribar ta koma 500, kofi ɗaya ya fashe ya cinye ribar guda biyar. Saboda haka ki yi wannan lissafin a gida kafin ki buɗe baki. Wasu masu shagon sun fi son ki faɗi abin da za a ba ki a kan kowane guda, su ɗora nasu yadda suka ga dama. Ina yarda da hakan, amma ina sa iyaka, don na taɓa ganin an ninka farashin kyandirina ya yi wata biyu yana shan ƙura. Kuma kada ki riƙa sayarwa a WhatsApp ƙasa da farashin shagon. Ranar da mai shago ya gane, zumunci ya ƙare.

Yanzu takarda. Wasu na jin nauyin kawo zancen, kamar rashin yarda ne. Ni cewa nake, "Hajiya, don saboda mantuwa ne, kuma rai na hannun Allah." Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba. Littafin rasit mai kwafi nake amfani da shi, ita ɗaya ni ɗaya. A ciki akwai kwanan wata, adadin kaya da irinsu, farashi, la'ada, ranar biya, da tsawon lokacin da kaya za su zauna kafin in kwashe. Ni kwana sittin nake sawa. Sannan layin da ya fi kowanne muhimmanci: wa zai biya idan ya fashe, ya ɓace, ko ya narke? Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce kayan amana ne, kuma wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai idan ya yi sakaci. To, don kada a yi musu a kan mene ne sakaci, nake rubutawa ɓaro-ɓaro: ba a sa su a rana, ba a sa su kusa da janareta ko bayan firij, ba a ba da su bashi. Wannan na ƙarshen ki ja masa layi biyu. Akwai "ƙawar Hajiya ta ɗauki uku, za ta aiko," kuma aiken nan ba ya isowa.

Wurin da za a jera su, ki tsaya a yi a gabanki. Daidai ido, kusa da inda ake biyan kuɗi, nesa da taga. Kakin waken suya ya fi saurin laushi a zafi, kakin zuma ya fi juriya don sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, kakin farafin kuma ya fi araha. Daga Maris zuwa saukar damina ina rage na waken suya a shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, kyandir marar murfi kwana uku sai ya zama kamar an tono shi. A gindin kowane kofi ina liƙa lambar wayata da gargaɗi da Hausa da Turanci: a rage lagwani kafin a kunna, kada a bar shi yana ci ba kowa, a nisanta shi daga labule da yara.

Duk mako biyu ina zagayawa da tsumma da littafina. In ƙirga a gaban yaron shagon, in goge, in sauya wanda ya daɗe da sabon ƙamshi, in tambaye shi abin da mutane ke faɗa. Daga bakinsa na ji cewa na oud da na sandal ke tafiya, na lemo ba a ko kallonsa. Wani lokaci ina riƙe masa ɗan abin shan ruwa, kuma ba asara ba ce. Kuɗi kuwa ranar da aka rubuta nake karɓa, ta asusu, don ya bar shaida. Idan aka ce in dawo gobe sau biyu a jere, ba na faɗa, sai dai ba na ƙara kaya har a biya na baya.

Ana saura mako biyu Sallah nake ninka abin da nake kaiwa, haka ma idan bukukuwan aure suka yi yawa. Hajiyar Unguwar Rimi har yau muna tare. Bara ta ce ta gaji da ƙirge, in riƙa kawo mata dozin biyu ta biya nan take a farashin sari, kuma da kanta ta sa kafinta ya buga wa kyandirin ƙaramin kanta a bangon da rana ba ta kaiwa.