Ga direbobinmu da kotu ta dakatar wa lasisi

Salam 'yan uwa direbobin Agege da Mile 12. In majistare ko kotun tafi-da-gidanka ta dakatar maka da lasisi kar ka ce shikenan, ana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun jihar Legas, amma fa kar ka bari kwana 30 su wuce daga ranar da aka yanke hukuncin. Je wajen rajistara ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, ka adana tikitin LASTMA (hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas) ko Road Safety da rasit, har hoton wajen da aka kama ka in babu alamar hanya, alƙali takarda yake dubawa. Ba kuɗin lauya? Ofishin Public Defender na jiha, wato lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi, kyauta ne. Don Allah kar ka taɓa sitiyari sai lauya ya samo umarnin jingine hukuncin.