Yadda ake bin sawun jirgin da ya shiga yankin teku da aka kare

Da zarar jirgi ya wuce mil 200 daga gaɓa, galibi babu mai hukunta shi sai ƙasar da tutarta ke kansa. Shi ya sa hango ɓarawon kifi daga sama ya fi gurfanar da shi sauƙi nesa ba kusa ba.

A fara da AIS, na'urar da ke watsa lambar jirgi da wurin da yake da saurinsa. A ɗora bayanan a kan taswirar yankin, misali Tekun Ross na Antatika, wanda hukumar CCAMLR, mai kula da halittun tekun Antatika, ta amince a kare a 2016. Yanayin tafiya ake dubawa. Mai wucewa kawai miƙewa yake yi. Mai jan koma kuwa yakan rage gudu zuwa mil 2 zuwa 5 a awa, yana kai da komo. Jirage biyu kuma in suka tsaya cikin mita 500 da juna har awa 2, ana zargin juye kifi ake yi zuwa jirgin sanyi.

Sai dai da hannu ake kashe AIS, wasu ma ƙaryar wuri suke aikawa. Nan ne radar ke amfani. Tauraron ɗan'adam mai radar, Sentinel-1 na Turai, yana gani cikin gajimare da duhun dare, jirgi ya fito a hoton kamar ɗigon fari a kan baƙi. A gwada kowane ɗigo da AIS na wannan mintin. Wanda ya rasa abokin haɗi shi ne abin bincike. A yi hattara, dutsen ƙanƙara ma fari yake fitowa, kuma tauraron yakan yi kwanaki bai sake bi ta wurin ba.

Ɗigo ba ya da suna, kuma kotu ba ta ɗaure ɗigo. Dole jirgin sintiri ko jirgin sama ya isa, ya ɗauki hoton lambar IMO (lambar shaidar jirgi ta duniya) a jikin jirgin da koma a cikin ruwa, da lokaci a agogon duniya na UTC. A adana ainihin fayilolin ba tare da an taɓa su ba. Sannan a kai ƙorafi ga ƙasar tuta, a nemi bayanan VMS, na'urar da ke sanar da hukuma wurin da jirgin kamun kifi yake, waɗanda ita ke riƙe da su.

In ta yi kunnen ƙashi, sai a tare jirgin a tasha. Yarjejeniyar FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan tashoshin ruwa, da ta fara aiki a 2016, ta ba da damar hana shi shiga ko bincikar kayansa. Jirgin satar kifi Thunder, da ƙungiyar kare halittun teku ta Sea Shepherd ta bi kwana 110, ya nutse kusa da tsibirin Sao Tome na Afirka a 2015, kotun ƙasar kuma ta hukunta kyaftin ɗin.

Yarjejeniyar BBNJ ta 2023, kan kare halittun tekun da ba mallakar kowace ƙasa ba, ta buɗe hanyar kafa sababbin yankunan kariya, amma ba ta kafa 'yan sandan teku ba; tilasta bin doka yana hannun ƙasashen da suka amince da ita.