Darasi na 9: Gyaran Gashin Da, da Abin da Ya Kamata Mu Bari

Ina da tabo a bayan kunnena na dama. Na same shi ne daren jajibirin sallah a tsakar gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi, ina 'yar shekara tara. Gwaggona ta ɗora matajin ƙarfe a kan garwashin kurfoti, ta shafe min kai da man kaɗe, ta danne ni tsakanin gwiwoyinta. Da ta ciro matajin ta goga shi a tsumma, tsumman ya yi hayaƙi. Ta ce, "Kama kunnenki, kada ki motsa." Na motsa. Da na fashe da kuka sai ta ce, "Haba ɗiyata, ado ai sai da wuya."

Gwaggo ba muguwa ba ce. Haka aka yi mata, haka ta yi min. Iyayenmu sun ɗauka cewa abin da bai yi zafi ba bai yi aiki ba. Wannan tunanin ne nake so mu cire daga kanmu, domin zafi a fatar kai alamar rauni ce.

Soda a kai

Bayan matajin ƙarfe sai man miƙar da gashi ya shigo, wanda muke kira rilaksa. Asalinsa soda ce, irin wadda masu sabulu ke dafa sabulu da ita, mai cin hannu. A Amurka a da, baƙar fata kan haɗa nasu a gida: soda, dankalin Turawa da ƙwai. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Amurka, wanda ya ziyarci Ankara, babban birnin Ghana, a 1964, ya faɗa da bakinsa cewa da aka shafa masa wannan haɗin yana saurayi, ji ya yi kamar kansa ya kama wuta.

Mu ma mun ji wannan wutar. Mace za ta zauna tana cije leɓe, ana yi mata fifita a ka, mai gyara tana cewa, "Ki ƙara haƙuri, bai kama ba tukuna." Washegari ɗankwali ya manne da gyambo. Wadda ba za ta iya bari ba, to kada ta sosa kai kafin ta shafa, ta shafa a sabon tsiro kawai, ta bar mako 8 tsakanin shafi da shafi, kuma da ta ji raɗaɗi ta wanke. Yarinya ƙarama kuwa kada a sa mata sam. A 2022 wani babban bincike a Amurka, a kan mata sama da 33,000, ya nuna cewa masu yawan shafa irin wannan mai sun fi kamuwa da sankarar mahaifa.

Kananzir da kwarkwata

A nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Idan yaro ya kwaso kwarkwata daga makaranta, sai a tsiyaya masa kananzir a ka, a ɗaure da ɗankwali, a ce ya kwana haka. Wata yarinya a layinmu an yi mata hakan da magariba. Uwarta ta aike ta ta fifita wuta. Tana sunkuyawa kan kurfoti, ɗankwalin ya kama. Ta yi watanni a asibiti, kuma har ta girma gashi bai sake fitowa a rabin kanta ba. Ku sani, ba sai gashi ya taɓa harshen wuta ba. Tururin kananzir ma yana kamawa, ko daga fitila, ko daga ashana.

Wasu kuma maganin feshin koko suke nema. Tsofaffin cikinmu sun san Gammalin 20, wanda manoman koko suka daɗe suna fesawa. Guba ce mai ratsa fata ta shiga jini, tana sa yaro jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ƙasashen duniya sun amince a daina noma da sinadarinsa tun 2009. Fiya-fiyar sauro da dakakken kafur ma ba na kai ba ne.

Kwarkwata ba abin kunya ba ce, tana kama mai tsafta da ƙazami. A jiƙa gashin, a shafa mai har ya yi santsi, a bi shi da mataji mai ƙananan haƙora tun daga tushe. A maimaita duk bayan kwana 3 ko 4 har mako 2, domin ƙwan da ya rage yana ƙyanƙyashewa. Akwai kuma maganinta a kemis. A duba kan kowa a gidan.

Ƙora, yomo da kitso

Ƙora ma ta sha baƙin man mota da kankara da reza. Cutar tana cikin tushen gashi, shi ya sa shafe-shafe ba ya kai mata. Maganinta na sha ne, likita ke rubutawa, ana sha har mako 6 ko fiye. Reza ɗaya kuwa ga yara biyar tana iya raba musu ƙorar, har da ciwon hanta.

Baƙin rinin furfura da muke kira yomo yana kumbura wa wasu fuska har ido ya rufe. A ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira kwana 2. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko ja, a haƙura. Lalle tsantsa ya fi sauƙi. A kuma duba ko kwalin yana da rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana.

Kitso kuwa, in yarinya ta kasa rufe ido ko ƙuraje suka feso a goshinta, ya yi tsauri, a sassauta. Gashin gaban da aka daɗe ana ja yakan tafi bai dawo ba.

Idan an ƙone

A zuba ruwan sanyi mai tsafta a wurin har minti 20. Kada a sa man goge baki, ko ƙwai, ko gishiri, ko manja. A rufe da ƙyalle mai tsafta a tafi asibiti. Idan rilaksa ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa kafin a kama hanya. Asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi yana da sashen masu ƙuna, lambar kiran gaggawa kuma 112 ce.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta su: kai, ƙora, ƙuna, kwarkwata, ɗankwali. Lura da bambancin k da ƙ. Rubuta 112 a bangon littafinka. In ka koma gida, tambayi wata tsohuwa me ake sa mata a ka tana yarinya, ka rubuta amsarta a jimla 3, ka zo mana da ita mako mai zuwa.