Yadda za ka tarbi wanda ya gudo daga yaƙi

An sha tambayata abin da ya kamata mutum ya yi idan ɗan gudun hijira ya iso a firgice. Ga matakan:

1. Kai shi inda babu hayaniya ya zauna.
2. Duba jikinsa. In akwai rauni, asibiti ne farko.
3. Ba shi ruwa, sannan abinci.
4. Faɗa masa sunanka cikin tattausar murya.
5. Tambaye shi abin da ya fi buƙata yanzu.
6. Saurare shi.

Hattara, a nan aka fi yin kuskure. Kada ka matsa masa sai ya faɗi abin da ya gani, kuma kada ka hana shi kuka. In ya yi shiru, ka zauna kusa da shi kawai. Ni a ganina wannan zaman ya fi dogon wa'azi amfani.

7. Bar yaro a hannun uwarsa ko wanda ya saba da shi.
8. In iyalinsa sun ɓace, haɗa shi da ƙungiyar Red Cross, tana neman waɗanda yaƙi ya raba.
9. In ya ambaci kashe kansa, kira likita nan take, kada ka bar shi shi kaɗai.