Yadda ake taimaka wa yaron da lambobi da haruffa suka ƙi zauna masa

Yara da yawa 'yan aji ɗaya da biyu na firamare za su rera muku ɗaya zuwa hamsin ba tuntuɓe, amma ku rubuta 7 a ƙasa ku ce mece ce wannan, sai su yi tsuru-tsuru. Hadda suka yi, ba ganewa ba. Gyaran bai kai ga biyan kuɗin lesin ba. Minti 15 kullum, lokacin da yaro ya ci ya ƙoshi, ya isa.

Ku fara da gano inda ya tsaya. A yayyanka kwali, a rubuta 1 zuwa 9, a gauraya, a riƙa ɗaga masa ɗai-ɗai. Kada a jera su, don in an jera waƙar zai bi. Waɗanda ya sani a ware gefe, sauran su ne aikinku.

Daga nan sai ƙirga abin da hannu ke taɓawa: ƙwallon dabino, murafen lemo, tsakuwa. Ya taɓa kowanne sau ɗaya yana faɗin lambarsa. Da ya gama ku tambaye shi, "Nawa ke nan duka?" In ya koma ƙirgawa daga farko, to bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba, kuma nan ya kamata a daɗe, ko da mako biyu za a yi. Sai ya kama wannan za a ajiye katin 4 kusa da tsakuwa huɗu. Lambobi uku a lokaci guda sun isa. Sifili a bar shi ƙarshe, a nuna shi da kwanon da ba komai ciki.

Kada a koyar da 6 da 9 rana ɗaya, haka 2 da 5. Ya zana guda a kan yashi da yatsa, babba, yana faɗin sunanta. Wanda ke zuwa Islamiyya kuma yana da wani ruɗanin da iyaye ba su cika lura da shi ba: biyar ta Larabci kamar sifilin boko take, shida ta Larabci kuma kamar 7. Ku rubuta su gefe da gefe, ku gaya masa rubutu iri biyu ne.

In an wuce goma, a ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma da roba. Dami ɗaya da tsinke biyu 12, dami biyu da tsinke ɗaya 21. A nan Hausa ta fi sauƙi, domin "goma sha biyu" da kanta ta faɗi goma da biyu, abin da sunan 11 da 12 a Turanci ba ya nunawa. Shi ya sa na fi son a fara ƙirga da Hausa, Turancin ya biyo baya.

Karatu ma haka ne. Waƙar ABCD sunayen haruffan Turanci take koyarwa, yaro kuwa sauti yake buƙata. Wanda aka koya wa "si" yaya zai karanta ciki ko cokali? A fara da wasula biyar: a, e, i, o, u. Sai a ɗauko baƙi ɗaya, a ce m, a haɗa: ma, me, mi, mo, mu. Da an samu baƙaƙe uku ko huɗu, a shiga kalmomin da ya sani, irin su mama, kaka, rana, nama. Ya riƙa tafi a kan kowace gaɓa, ra-na tafi biyu. Sunansa ma a rubuta masa, yara na saurin riƙe haruffan sunansu.

Masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ, a jira sai b, d, k sun zauna, sannan a gwada masa kafa da ƙafa ya ji bambancin da kunnensa kafin ya gani a takarda. Ɗan makarantar allo da ya saba farawa daga dama, a ɗiga masa alama a gefen hagu na kowane layi.

Bulala kam a ajiye ta. Yaron da ke jiran duka cinta yake yi, ba ya duba abin da ke gabansa.

Juya harafi ko lamba baibai ba abin tashin hankali ba ne kafin shekara bakwai. Amma in yana manna takarda a fuska, ko yana ƙanƙance ido, ko sai an maimaita masa magana, a kai shi asibiti a duba ido da kunne. In duk lafiya lau ne, an kuma yi watanni ana wannan aikin bai motsa ba, ku sami malamin ajinsa ku gaya masa takamaiman lambobi da haruffan da ke ba shi wuya, ku nemi a haɗa ku da wanda ya karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman.