Daga Damagaram zuwa magangarar ruwa: kurakuran da ke ɓata tafiya da maganinsu

Direban da ya koyi tuƙi tsakanin Birni, Zango da hanyar Mirya ya san rairayi, ya san zafin bazara, ya san amalanken da ke faɗowa titi babu sallama. Abin da bai saba da shi ba shi ne doguwar gangara, da dutse mai santsi, da rafin da ke cika kafin ka gama shan shayi. Ƙasarmu ta Damagaram shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba. Magangarar ruwa kuwa, duk wadda ta isa a tayar da mota dominta, a ƙasar tudu da ruwa take. Yawancin kurakuran daga nan suke fitowa: mutum ya ɗauki sabon da ya yi a gida ya kai shi inda ba ya aiki.

Wuraren da ɗan Damagaram zai iya kaiwa da mota kashi biyu ne. Ta kudu, cikin Najeriya, akwai Assop a gindin tsaunukan Jos, da Matsirga kusa da Kafanchan, da Gurara a kan hanyar Suleja zuwa Minna mai tsayin kusan mita 30, da Farin Ruwa a yankin Wamba na jihar Nasarawa, wadda ruwanta ke faɗowa daga kusan mita 150. Ta arewa kuma akwai ta Timiya cikin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 220 daga Agadas.

Kuskuren farko a wajen zaɓen lokaci ake yin sa. Wani ya tashi cikin Maris ko Afrilu saboda zafi ya ishe shi, ya isa Gurara ya tarar da duwatsu tsirara da ɗan ruwa na tsiyaya ta gefe. Wani kuma ya ce a tafi Agusta a ga ruwa da ƙarfinsa. Zai gan shi, amma jajawur da laka, ba a iya matsawa kusa, ƙila ma motar ba ta kai ba, domin hanyar da ke shiga Farin Ruwa daga Wamba ta jar ƙasa ce, ƙarshenta kuma da ƙafa ake takawa. Daminar can ta fi tamu tsawo, tana somawa wajen Afrilu ta kai Oktoba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba: ruwa na nan da yawa, ya soma washewa, hanyoyi sun bushe, hazon hunturu bai rufe sararin ba tukuna. Wanda ya bari sai Janairu ya haɗa da rigar sanyi ta kirki. Jos tana kan tudun kusan mita 1,200, sanyin asubarta ba ya wasa da baƙo.

Sai lissafin hanya. Taswirar waya za ta ce maka Damagaram zuwa Kano kimanin kilomita 240 ne, Kano zuwa Jos kusan 300, sai mai tafiya ya raba da ɗari ya ce ai kafin la'asar an isa. Wayar ba ta san da iyakar Ɗan Barto da Kwangwalam ba, ba ta san shingen jandarma da na duwan da na ƴan sanda ba, balle cunkoson ranar kasuwa ko na shiga Kano. Ka lissafa kilomita 50 a awa, ka ƙara awa biyu na iyaka, ka yanke cewa Kano ce zangon farko. Kwana huɗu shi ne mafi ƙanƙanta ga zuwa da dawowa, biyar ya fi hankali. Hanyar Jos ta Tudun Wada da Saminaka tana ratsa dajin Falgore, ta Gurara kuma tana bi ta Zariya da Kaduna, kuma dukansu an sha jin labarin ƴan bindiga a kansu. Ba a bin su da dare, ko da kuwa an makara. Labarin hanya na gaskiya yana bakin direbobin tasha da suka shigo a ranar, ba a bakin wanda ya bi ta bara ba.

Takardu ba su da wuya, mantuwa ce ke sa su zama wuya. Katin shaida ko fasfo ga kowane babba, takardar haihuwa ga yara, permi, takardar mallakar mota, asurans mai aiki har ƙetaren iyaka, da takardar duwan ta fita da mota. In motar aro ce, ko da ta yayanka ce uwa ɗaya uba ɗaya, ka karɓi rubutaccen izini mai hatimin hukuma. Allurar zazzaɓin shawara sai ta kwana 10 kafin katinta ya soma aiki, saboda haka ba ranar jajibiri ake zuwa yin ta ba. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, a Janairun 2025, don haka kada a dogara da yadda ake wucewa a da. A tambayi abin da ake nema a iyaka a makon tafiyar. Haka ma batun mai. Tsohon lissafin nan na a shiga da rabin tanki a cika da araha a Daura ya rushe tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023. Cika tankinka a gida.

Mota

A nan ne aka fi yin sakaci, a nan ne kuma sakacin ya fi tsada. Ɗauki birki. Mai saukowa daga Jos zuwa Assop dole ya bi Hawan Kibo, gangara mai tsawo da lanƙwasa wadda ta ci manyan motoci ba adadi. Direban fili yakan sa giya babba, ko ma ya saki motar firi don tattalin mai, ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama. Takalman birkin sai su yi ta ɗaukar zafi. Man birki kuwa yana shan danshi a hankali, in ya tsufa ba ya jure zafi, sai ya tafasa ya zama tururi a cikin bututu. Tururi yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Shi ya sa za ka taka ka ji ƙafarka ta nutse kamar ka taka soso, motar kuwa tana ƙara gudu. Maganinsa biyu ne. Tun a gida, in man ya shekara biyu, a zubar a sa sabo irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, a duba kaurin takalman. A kan gangarar kuma, ka sauka da giyar da za ka hau da ita, yawanci ta biyu; mai otomatik ya mayar da ita 2 ko L. Inji ne zai riƙe motar, birki kuma a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci a saki. Kashe inji a gangara hauka ne, don birki da sitiyari duka za su yi tauri. In ka ji ƙaurin ƙuna, nemi fili ka tsaya, ka sa dutse a gaban taya, ka ba shi rabin awa. Kada ka watsa masa ruwa, ƙarfen zai karkace.

A hawa kuma zafin inji ne matsala. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe haƙoran lagireto, ruwan rijiyar da ake ta ɗura masa ya bar farin gishiri a ciki. A fili ba ka gane ba, sai tudu ya tona asiri. A wanke shi ciki da waje kafin tafiya, a riƙe safayar bel da jarkar ruwa lita 10 ta mota kaɗai. In allurar zafi ta doshi ja, kashe na'urar sanyi ka tsaya. Murfin lagireto ba a taɓa shi sai bayan rabin awa, in ba haka ba tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska.

Ga wani ƙaramin abu da kusan kowa ke mantawa: robar share gilashi. Wata takwas zuwa tara tana kwance a rana ba ta aiki, ta bushe ta tsattsage. Ɗaga ta ka shafa da yatsa, in ta bar baƙi a hannunka ko ka ji kaushi, canza ta. Taya kuwa ba kyan fuska ake dubawa ba. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, musamman ta gwanjo, ba ta doguwar tafiya ba ce ko da zanenta ya yi kyau. Zurfin zanen ya kai milimita 3 in za a shiga ƙasar ruwa. Iska da safe ake auna ta, bisa adadin da ke liƙe a jikin ƙofar direba, har da ta safaya. Wasu in sun taɓa taya suka ji zafi sai su rage mata iska, alhali taya mai ƙarancin iska ita ce ke ƙara zafi har ta fashe. Jami'an kiyaye haɗurra na Najeriya suna tambayar abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, a sa su inda hannu zai kai.

In ruwa ya haye hanya, jira. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma ya tafi da babba. In motar ta mutu a ciki, kada a sake murza makulli: ruwan da inji ya zuƙa zai lanƙwasa ƙarafansa. A ja ta waje, a cire fulogi, a fitar da ruwan tukuna.

A bakin ruwan

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a tafki ya koya. Gindin magangara ba tafki ba ne. Ruwan da ke faɗowa yana haƙa rami mai zurfi, yana kuma juyawa ya mayar da abin da ya kama ƙarƙashinsa. Farin kumfan nan da ke burge ido cike yake da iska, ba ya ɗaukar jikin mutum yadda ruwa kwantacce ke yi. Dutsen da ya yi baƙi ko kore gansakuka ce a kansa. Takalmin fata da silifa ba su da riƙo a wurin, sai kambas mai ƙasan roba. Babbar riga ko dogon hijabi in suka jiƙe nauyi ne da ke jan mutum ƙasa, ga sarƙe ƙafa. Mai ɗaukar hoto ya tsaya wuri guda. Sau da yawa zamewa daga ja da baya ne ido na kan waya.

Sama tana iya zama garau a inda kake, alhali an sheƙa ruwa a kan tsauni. Alamomin zuwan ambaliya uku ne: ruwan ya soma canza launi, ya soma kawo ganye da ƙirare, ƙararsa ta ƙaru. Da ganin ɗaya, a tattara yara a hau tudu, kayan sa biyo baya. In wani ya faɗa, kuskuren da ke mayar da gawa ɗaya biyu shi ne ɗan'uwa ya yi tsalle ya bi shi. A jefa masa igiya, ko jarka lita 20 da babu komai a ciki, a rufe da murfinta. Ku ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen wurin, ku yi ciniki tun kafin a taka, kuma in ya ce nan ba a shiga, to ba a shiga.

Ruwan kyan gani ne, ba na sha ba. Ku zo da naku, lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a yini. Kududdufan gefe masu ciyawa da katantanwa su ne gidan tsargiya. Yaron da ya soma fitsarin jini bayan wata biyu ko uku a kai shi likita, a faɗi inda aka je. In gudawa ta kama wani a hanya, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro ma ya shiga jaka.

Timiya kuwa lissafinta daban ne. Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisanat kimanin kilomita 450 ne, daga can kuma babu kwalta, sai dutse da rairayin koramu, tafiyar da ke cinye yini guda. Ruwanta na bin daminar Abzin, wadda gajera ce, don haka Satumba da Oktoba ne lokacinsa. Lambunan lemu da rumman na garin su ma abin kallo ne. Masu zuwa da ƙaramar mota, ko da mota ɗaya tak, su ne ke kwana a daji. A nemi mai jan ƙafa huɗu guda biyu, kowace da safayar taya biyu, da jagora ɗan yankin, a sanar da hukuma a Agadas, a bi abin da ta ce game da rakiya. A rairayi a rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5, a mayar da ita da famfo kafin a hau dutse, in ba haka ba gefen tayar zai yage. Mai ya fi ƙonewa a rairayi, a ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan lissafi. Kada a yada zango a cikin korama don laushin yashinta, ambaliyarta tana iya zuwa da dare.

Kuɗi da waya kuma, a canza sefa zuwa naira tun a gida ko a iyaka, a nemi ƙananan takardu don kuɗin shiga da na jagora, a raba su aljihu biyu ko uku. Sabon layin Najeriya sai da rajista da takardun shaida ake buɗe shi, saboda haka a shirya da kamfanin layin gida ya yi aiki a ƙetare, a kuma sauke taswirar yankin a waya tun ana da intanet. A cikin kwazazzaban sau da yawa babu sabis. Kafin a sauka, a kira wani a gida a gaya masa sunan wurin, da lambar mota, da lokacin da ake sa ran fitowa.